Daga Allon Bayani zuwa Tabarau Mai Ƙarin Gani: Tarihin Jagorancin Baƙi a Gidajen Tarihi

Jagorancin baƙi a gidan tarihi ya ƙunshi duk hanyoyin da ake bi a sanar da mai ziyara ko mene ne abin da ke gabansa, inda aka samo shi, zamanin da aka yi shi, da dalilin da ya sa ya cancanci ajiya. Aikin ya zama tilas domin kayan tarihi ba su da baki. Guntun tukunyar da aka tono daga ƙasa, in babu mai ba da labarinsa, tsingaro ne kawai a idon mai kallo.

Tun da aka fara buɗe gidajen tarihi ga jama'a, hanyoyi biyar aka bi wajen wannan aiki: ɗan jagora mai zagayawa da baƙi, allon bayani da ake liƙawa kusa da kaya, na'urar saurare, wayar hannu, sai na baya-bayan nan, tabarau mai ƙarin gani, wanda ke ɗora rubutu ko hoto a kan abin da ido ke kallo a zahiri. Matsala ɗaya ce ta haɗa su duka. Mai ziyara ba ya daɗewa a gaban abu guda, kuma duk daƙiƙar da ya ɓatar wajen karanta bayani, daga lokacin kallon abin da ya kawo shi ya cire ta. Wani bincike da Jeffrey Smith da Lisa Smith suka wallafa a 2001, bayan sun lura da baƙi a gidan Metropolitan da ke New York, ya nuna cewa matsakaicin tsayuwar mutum a gaban shahararren zane daƙiƙa 27 ce. Kowace sabuwar hanya ta zo ne da niyyar isar da bayani a cikin wannan ɗan lokaci ba tare da ta kawar da ido daga kan kayan ba.

Ɗan jagora da allon bayani

Al'adar ajiye rubutu kusa da tsohon kaya ta girmi gidajen tarihin Turai nesa ba kusa ba. A 1925 masanin tono kayan tarihi Leonard Woolley, yana aiki a kufan birnin Ur da ke kudancin Iraƙi ta yau, ya tarar da kayayyaki na zamunna daban-daban an tara su wuri guda, a ginin da Ennigaldi, 'yar Sarki Nabonidus na Babila, ta zauna a ƙarni na 6 kafin Miladiyya. A cikinsu akwai wani curin yumɓu ɗauke da kwafin tsofaffin rubuce-rubuce da bayanin inda aka samo su. Masana da dama suna ɗaukar sa a matsayin allon bayani mafi tsufa da aka sani.

A Turai kuwa, da baki aka fara. An buɗe gidan Ashmolean a Oxford a 1683. Gidan Tarihin Birtaniya, wanda majalisar dokoki ta kafa a 1753, ya fara karɓar baƙi a 1759. Shiga kyauta ce, amma sai mutum ya nemi tikiti tukuna, ya jira a amince masa, sannan a haɗa shi da wasu 'yan ƙalilan, ma'aikaci ya zagaya da su ɗaki-ɗaki cikin hanzari. Abin da ma'aikacin ya ga dama ya faɗa, shi ne iyakar abin da baƙo zai tafi da shi gida.

Bayan buɗe Louvre a Faris a 1793, musamman kuma a ƙarni na 19, yawan masu ziyara ya fi ƙarfin wannan tsari. Sai aka bar mutane su zagaya da kansu, aka buga littattafan jerin kaya ana sayarwa a bakin ƙofa, aka liƙa wa kowane kaya ɗan allo mai ɗauke da suna da zamani da wurin asali. Allon bayani ba shi da tsada, ba ya gajiya, kuma mutum goma za su karanta shi a lokaci guda. Amma kalmomi kaɗan yake ɗauka, da harshe ɗaya ko biyu, kuma ba ya amsa tambaya.

Wannan giɓi ne ya dawo da ɗan jagora a matsayin ƙwararren ma'aikaci. Gidan adana zane-zane na Boston ya fara ba da jagorori masu koyarwa a 1907, Gidan Tarihin Birtaniya kuma ya naɗa Cecil Hallett a matsayin jagoransa na farko mai ba da lacca a 1911. Sakataren gidan na Boston, Benjamin Ives Gilman, ya wallafa maƙala a 1916 a kan gajiyar da ke kama mai ziyara. Ya haɗa ta da hotunan wani mutum yana sunkuyo, yana durƙuso, yana ɗage, duk don ya ga kaya ko ya karanta allonsa. Daga nan aka fara ɗaukar jikin baƙo da juriyarsa a matsayin abin la'akari wajen shirya zaure.

Murya a kunne

Mafita ta farko da fasaha ta kawo ita ce a raba wa gaɓɓai aiki: ido ya kalla, kunne ya karɓi bayani. A 1952 gidan Stedelijk da ke Amsterdam, ƙarƙashin shugabansa Willem Sandberg, ya gwada wani tsari da kamfanin Philips ya ƙera. An naɗi lacca a tef da harsuna daban-daban, ana watsa ta ta gajeren zangon rediyo a cikin ginin, kowane baƙo yana riƙe da 'yar na'urar karɓa mai abin sawa a kunne. Da yake watsawa ake yi, kowa magana ɗaya yake ji a lokaci ɗaya, saboda haka baƙi kan yi tafiya a tare, su juya kai a tare, ba mai iya tsayawa ko komawa baya.

A 1957 kamfanin Acoustiguide ya fito da na'urar tef da mutum ke ratayawa, kuma ɗaya daga cikin ayyukansa na farko shi ne zagayen gidan iyalan Roosevelt da ke Hyde Park, da muryar Eleanor Roosevelt. Zuwan kaset na Philips a 1963 ya rage girman na'urar da nauyinta. Baje kolin dukiyar Fir'auna Tutankhamun, wanda ya zagaya biranen Amurka daga 1976 zuwa 1979 ya kuma ja mutane kusan miliyan 8, shi ya sabar wa jama'a da hayar kaset a ƙofar shiga. Sai dai kaset hanya ɗaya yake bi, daga farko zuwa ƙarshe, baƙo kuma dole ya bi shi.

A farkon shekarun 1990 aka samu na'urar da ke adana murya a ƙwaƙwalwar lantarki, Louvre na cikin waɗanda suka fara amfani da ita. An ba kowane kaya lamba; mai ziyara ya latsa lambar abin da ya tsaya a gabansa, ya ji bayaninsa kaɗai. Wannan ya mayar wa baƙo 'yancin zaɓen hanyarsa. A 2002 gidan Tate Modern na Landan ya gwada ƙaramar kwamfutar hannu mai nuna hoto da bidiyo, a 2012 kuma Louvre ya mayar da na'urar wasa ta Nintendo 3DS jagorar baƙinsa, tana nuna taswira da inda mutum yake tsaye. An yi amfani da ita har zuwa Satumban 2025. Amma da hoto ya shigo hannun baƙo, tsohuwar matsalar ta dawo: ido ya sake sauka daga kan kaya zuwa kan na'ura.

Asalin tabarau

Dabarar ɗora hoto a kan abin da ido ke gani ta riga kwamfuta zuwa duniya. A 1862 John Henry Pepper, bisa wata dabara ta Henry Dircks, ya nuna wa 'yan kallo a Landan siffar fatalwa tana yawo a kan dandamali tare da 'yan wasa. Asirin abin faffaɗan gilashi ne da aka karkata, wanda ke barin a ga abin da ke bayansa, yana kuma dawo da hoton wani ɗan wasa da aka ɓoye aka haska da fitila. Haka mai zaune a ɗaki da dare kan ga fitilarsa a gilashin taga alhali yana hango waje ta cikinsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi amfani da wannan ƙa'ida a jiragen yaƙi, inda ake haska wa matuƙi alƙaluman gudu da tsayi a kan gilashin da ke gabansa, don kada ya sunkuya ya dubi agogon jirgi.

Wanda ya fara haɗa dabarar da kwamfuta ya ɗora ta a kan mutum shi ne Ivan Sutherland, tare da ɗalibinsa Bob Sproull, a Jami'ar Harvard a 1968. Na'urarsu tana haɗe da wani ƙarfe da ya sauko daga silin, wanda ke auna inda kai ya juya. Abin da take nunawa bai wuce zanen akwati da layuka ba, amma akwatin yana nan rataye a tsakiyar ɗaki, kuma idan mai kallo ya matsa gefe, sai ya ga gefensa. A 1990 Tom Caudell da David Mizell, injiniyoyi a kamfanin ƙera jirage na Boeing, suka nemi hanyar da za a nuna wa ma'aikata inda kowace waya za ta bi a kan allon haɗa wayoyin jirgi ba tare da duba takarda ba. Daga aikinsu fasahar ta samu sunan da ake taƙaitawa da AR.

A 1997 Ronald Azuma ya zayyana sharuɗɗa uku da har yau ake auna fasahar da su: ta haɗa zahiri da abin da kwamfuta ta zana, ta amsa motsin mutum nan take, kuma hoton ya kafu a takamaiman wuri a sarari. Sharaɗi na farko shi ya bambanta ta da tabarau mai rufe ido ruf, wanda ke ɗauke mutum ya kai shi duniyar kwamfuta zalla. Ga gidan tarihi bambancin yana da girma, domin jarinsa shi ne ainihin kayan, kuma na'urar da ta rufe ido ta raba baƙo da abin da ya zo gani.

Yadda tabarau ke aiki

Aiki uku tabarau ke yi a tare. Na farko, sanin inda yake: ƙananan kyamarori da na'urorin auna motsi suna bin kusurwoyin ɗaki da bango da ƙasa, suna zana taswirar wurin, suna kuma lissafa matsayin kai sau da yawa a kowace daƙiƙa. Na biyu, gane abin da ake kallo, ko dai ta wata alama da aka liƙa kusa da kayan, ko ta kwatanta siffarsa da wadda aka riga aka ɗauka aka adana. Na uku, zana hoton: ɗan ƙaramin injin haske da ke jikin tabarau yana tura hoto cikin siririn gilashi, gilashin ya bi da shi har gaban ƙwayar ido.

Wannan tsari yana da iyakoki da suka shafi gidan tarihi kai tsaye. Tabarau haske yake ƙarawa, ba ya ragewa, don haka ba ya iya zana baƙin launi sosai, kuma hotonsa kan dusashe a rana. Zaure mai ɗan duhu ya fi dacewa da shi a kan fili. Faɗin wurin da hoto ke bayyana ma ƙarami ne: idanun mutum suna ɗaukar kusan digiri 200 daga gefe zuwa gefe, amma HoloLens 2 na kamfanin Microsoft digiri 52 yake cikewa daga kusurwa zuwa kusurwa. Akwatunan gilashin da ake ajiye kaya a ciki kuma sukan rikita kyamarori saboda ƙyalli.

Gwajin farko a kufai

A 1997 Steven Feiner da abokan aikinsa a Jami'ar Columbia suka fitar da fasahar waje, da kwamfuta a jakar goyo, da na'urar GPS, da tabarau mai rubuta sunayen gine-ginen jami'ar a kansu. Masu kula da wuraren tarihi suka ga amfanin abin tun da wuri, domin babu inda tazara tsakanin abin da ido ke gani da abin da ya taɓa kasancewa ta kai ta kufai.

Daga 2000 zuwa 2002 Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin shirin Archeoguide a Olympia ta ƙasar Girka, mahaifar wasannin Olamfik, tare da kamfanin Intracom na Girka da cibiyar Fraunhofer ta Jamus. Baƙo kan goya kwamfuta, ya sa na'ura a ka, ya tsaya a wuraren da aka zaɓa, sai ya ga wuraren bauta sun miƙe a kan harsashinsu, 'yan tsere kuma suna gudu a tsohon filin wasa. Wani shiri mai suna Lifeplus ya biyo baya a Pompeii ta Italiya, inda aka nuna mutanen zamanin Rumawa suna harkokinsu a cikin kango. Gwaje-gwajen sun tabbatar da cewa abin mai yiwuwa ne, sun kuma nuna cewa kayan sun yi nauyi da tsada da saurin lalacewa, ba za a iya miƙa su ga kowane baƙo ba.

Zamanin waya

Abin da ya kai fasahar hannun jama'a waya ce, domin tana da kyamara da GPS da na'urar auna motsi, kuma baƙo da abarsa yake zuwa. A 2010 Gidan Tarihin Landan ya fitar da manhajar Streetmuseum, wadda ke ɗora tsofaffin hotunan birnin a kan titunan da aka ɗauke su. A Oktoban shekarar, masu fasaha biyu, Sander Veenhof da Mark Skwarek, suka shirya baje kolin ayyukan da ba a gani sai ta waya a cikin gidan MoMA na New York, ba tare da iznin gidan ba. Lamarin ya tayar da tambayar da har yanzu ba a gama warwarewa ba, wato wane ne ke da ikon abin da ake ɗorawa a kan kayan gidan tarihi.

A 2015 gidan tarihin halittu na Smithsonian da ke Washington ya fito da manhajar Skin and Bones domin zaurensa na ƙasusuwa. Idan aka saita waya a kan ƙwarangwal 13 da aka zaɓa, sai tsoka da fata su rufe ƙashi, dabbar ta motsa. A 2017 gidan zane-zane na Detroit ya fara shirin Lumin, inda baƙo ke ganin ƙasusuwan da ke cikin naɗaɗɗiyar gawar Masar ta dā, da launukan da suka goge daga wani sassaƙen dutse na Mesofotamiya. Shirin ya dogara ne da fasahar Tango ta Google, wadda kamfanin ya rufe a 2018. Aibin waya a nan a fili yake: hannu na gajiya da ɗaga ta, kuma mai ziyara hoton kayan yake kallo a fuskar waya, ba kayan ba.

Tabarau a zaure

Google Glass, wanda aka fara sayar wa masu gwaji a 2013 a kan dala 1,500, ɗan gilashi ne a saman idon dama mai nuna rubutu da hoto, amma ba ya kafa su a kan abin da ake kallo. A 2014 an gwada shi a gidan zane-zane na Manchester, da kuma gidan de Young na San Francisco lokacin baje kolin ayyukan Keith Haring. A Janairun 2015 Google ya dakatar da sayar da shi ga jama'a, bayan ƙorafi a kan tsada, da ƙarancin batir, da fargabar kyamarar da ke ɗaukar mutane ba da saninsu ba.

HoloLens, wanda ya fito a 2016 a kan dala 3,000, yana cikin na farko da suka cika sharuɗɗan Azuma ba tare da waya ko jakar goyo ba, kuma a kansa da magajinsa HoloLens 2 aka gina mafi yawan fitattun ayyukan da suka biyo baya. A 2018, a wurin bauta na Kennin-ji da ke Kyoto, an nuna wa baƙi siffar wani malamin addinin Buddha yana bayanin shahararren zanen Tawaraya Sotatsu na ƙarni na 17. A shekarar kuma, gidan adana samfuran garuruwa da ganuwoyi na Faris ya ɗora bayani a kan tsohon samfurin tsibirin Mont-Saint-Michel. A 2021 gidan tarihin halittu na Faris ya buɗe shirin Revivre, inda dabbobi iri 11, mafi yawansu sun ƙare a duniya, ciki har da tsuntsun dodo, ke yawo da ainihin girmansu a tsakanin baƙi.

Aikin gidan zane-zane na Cleveland a 2021 ya nuna zurfin abin da fasahar za ta iya. Gidan yana da wani mutum-mutumin dutse na Krishna, wanda aka sassaƙa wajen shekara ta 600 a dutsen Phnom Da na Kambodiya. An samo shi a farfashe, kuma wasu gaɓoɓinsa sun cakuɗe da na wani makamancinsa da ke gidan tarihin Phnom Penh, har sai da gidajen biyu suka yi musayar gutsattsari aka sake haɗa kowanne. Da tabarau, baƙi sun bi wannan labari mataki-mataki, suka ga mutum-mutumin cikakke a cikin kogon da aka fara kafa shi, sannan suka cire tabarau suka je gaban ainihin dutsen. A 2024 gidan tarihin halittu na Landan ya buɗe irin wannan shiri mai hasashen yanayin duniya a shekarar 2125. A wuraren tarihi na fili kuma, kamfanin ARtGlass ya yi amfani da tabarau mara nauyi na Epson Moverio a Italiya da Amurka, ciki har da Mount Vernon, gidan George Washington.

Amfanin da ake hange na yau da kullum

Daga waɗannan gwaje-gwaje ana iya ware ayyukan da tabarau zai yi wa baƙo na kullum. Mafi sauƙi shi ne rubutu da fassara. Allo ba ya ɗaukar fiye da harshe ɗaya ko biyu, tabarau kuwa zai nuna wa kowa bayani da harshensa, a taƙaice ga yaro, a faɗaɗe ga ɗalibi. Ga kurame an riga an ga misali a wajen gidan tarihi: a 2018 babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Landan ya fara ba da tabarau mai rubuta maganar 'yan wasa a gaban ido. Haka za a iya rubuta maganar ɗan jagora, ko a nuna mai fassara da maganar hannu.

Na biyu shi ne mayar da abin da zamani ya cinye. Binciken Vinzenz Brinkmann da wasu masana ya tabbatar da cewa fararen mutum-mutumin Girka da Rum fentattu ne a asali. Ba mai yarda a shafa wa ainihin dutsen fenti, amma ana iya ɗora launin a ido kawai, haka ma karyayyen hannu ko rufin da ya rufta. Na uku shi ne leƙa ciki: hotunan asibiti na gawar da aka naɗe, zanen farko da mai zane ya rufe da wani, ko yadda haƙoran tsohon agogo ke juyawa.

Na huɗu shi ne haɗa abin da ya warwatsu. Gidan Tarihin Birtaniya yana da kaya kusan miliyan 8, amma kusan 80,000 kawai ke zaure, saura suna ma'aji. Sassaƙen Parthenon a rabe suke tsakanin Atina da Landan. Kayan tagullar Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897 sun bazu a duniya. Kundin intanet na Digital Benin, da aka buɗe a 2022, ya tattara bayanan fiye da 5,000 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20. Tabarau zai iya jera siffar abin da babu kusa da wanda ke nan, ko da yake masu neman a dawo da kayan sun daɗe suna cewa hoto ba ya maye gurbin kaya. Na ƙarshe shi ne nuna hanya a manyan gidaje, da taimaka wa ma'aikata ganin bayanan kaya alhali hannuwansu biyu suna riƙe da shi.

Abin da ya hana shi zama ruwan dare

Cikas na farko kuɗi ne. HoloLens 2 ya fito a 2019 a kan dala 3,500, nauyinsa giram 566, batirinsa awa 2 zuwa 3 yake yi. Kowane baƙo sai ma'aikaci ya saita masa, in ya gama a goge na'urar a sa ta caji. Shi ya sa kusan duk shirye-shiryen da aka ambata gajeru ne, na 'yan mintuna, ga mutane ƙalilan a lokaci guda, sau da yawa da tikiti na daban da iyakar shekaru ga yara. Annobar korona ta 2020 ta ƙara sa gidajen tarihi ɗari-ɗari da duk abin da ake karɓa-karɓa a fuska.

Na biyu shi ne gajeren ran na'ura. Gidan tarihi yana shirya zaure ne don ya yi shekara 20 ko fiye, kamfanonin fasaha kuwa ba sa jira. Google ya daina sayar da Glass gaba ɗaya a 2023, Microsoft kuma ya daina ƙera HoloLens 2 a 2024. Duk aikin da aka gina a kansu sai an sake shi ko a bar shi.

Na uku ya shafi amana. Hoton da kwamfuta ta zana yakan fito tsaf, ba ya nuna inda hujja ta ƙare ƙiyasi ya fara, baƙo kuma yakan gaskata abin da ya gani da idonsa. Don haka masana suka tsara Yarjejeniyar Landan a 2006, wadda ta buƙaci a bayyana madogarar duk wani gini ko siffa da aka sake zanawa da kwamfuta. Akwai kuma batun sirri, tun da kyamarorin suna ɗaukar sauran baƙi, na'urar kuma tana iya adana abin da mutum ya kalla da tsawon lokacin da ya yi yana kallo. Bugu da ƙari, mafi yawan mutane tare da iyali ko abokai suke zuwa, kuma abin da mutum ɗaya kaɗai ke gani ba ya nunuwa da yatsa. Wannan ne ya sa wasu gidaje suka zaɓi haska launi a kan kayan da na'urar majigi, kamar yadda Metropolitan ya yi wa bangon wurin bauta na Dendur, domin kowa ya gani tare.

Halin da ake ciki

Na'urorin da ke kasuwa sun rabu gida biyu. Akwai masu ƙarfin kafa hoto a sarari, amma masu nauyi da tsada, irin su Apple Vision Pro da ya fito a 2024 a kan dala 3,499, wanda ma ta kyamara yake nuna wa mai shi duniya. Akwai kuma masu kama da tabarau na kullum, irin su Meta Ray-Ban Display da ya fito a 2025 a kan dala 799, wanda ke nuna rubutu da fassara a gilashin dama amma ba ya kafa hoto a kan kaya. Amfanin yau da kullum ya rataya ne a kan haɗuwar ƙarfin na farko da sauƙin na biyu, da kuma ranar da baƙo zai zo da nasa daga gida, kamar yadda ya faru da waya, gidan tarihi ya tsaya ga tanadin bayani kawai.

Tarihin sana'ar ya nuna cewa babu sabuwar hanyar da ta kori tsohuwa. Allo bai kori ɗan jagora ba, na'urar saurare ba ta kori allo ba, waya ma ba ta kore su ba. Kowacce ta tsaya ne a inda ta fi sauran amfani. Tabarau mai ƙarin gani ya tabbatar da fifikonsa a wuri ɗaya, wato nuna abin da ya ɓace ko ya ɓoyu a daidai mazauninsa. A sauran ayyukan jagoranci, har yanzu allon bayani da ɗan jagora da na'urar saurare ne ke ɗauke da mafi yawan baƙin gidajen tarihi na duniya.